Ƙwayoyi Bakwai Da Na Rabar

Da sunan Allah nake ɗora wannan babi, ina roƙon Ya tsare bakina daga ƙari. Na zo kan daminar da jikana Shehu ya yi ciwo yana goye, kuma ina so ku 'ya'yana da jikokina ku karanta a zaune, domin labarin da ake ba ku a wajen biki ba haka yake ba. Ana cewa wai Hajiya Yalwa ce ta ceci jikanta da wayonta. Na sha jin haka ina murmushi, ban ce e ba, ban ce a'a ba, saboda yabo da daɗi. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ba ni da wani cinikin da nake karewa, bari ku ji yadda aka yi.

Kun san ni dillaliya ce. Ba wanda ya ba ni jari. Da ƙullin gishiri da kanwa na fara a faranti, har Allah Ya kai ni ga atamfa da kwanuka da turare da kayan ɗakin amare. Babu lungun da ban sani ba a Gaya, ranar kasuwar Ajingi in hau mota da ƙunshina, Balan kuwa kamar gida ce, don can dangin babanku suke. Dillalai da yawa sun fi ni kaya, sun fi ni baki, amma na fi su abu ɗaya, wato gyara. Ban taɓa fita daga gidan da aka yi mini ciniki ba sai na ɗora wani abu a kai: allura, ɗan kwalli, yankin sabulu, ko alewar yara. Mace takan manta kuɗin da ta ba ki, amma ba ta manta allurar nan. Abu na biyu, ba na iya ganin abu a ajiye ba ya aiki. Ragowar zare, murfin da tukunyarsa ta fashe, duk sai na samo musu mai so. Da waɗannan halaye biyu na gina ɗakin nan da kuke kwana a ciki, kuma su ne suka kusa ja mini abin da ba zan iya gyarawa ba.

A shekarar, Nasiru, ɗana na uku, yana tuƙa adaidaita, yana zaune a sashen yamma na gidanmu da matarsa Dije. Daga wani ƙauye na Ajingi aka kawo ta, iyayenta Fulani ne da suka zauna suka kama noma. Ban taɓa ganin kunya irin tata ba. Shekara biyu a gidana ban san launin idonta ba. In na shigo ta durƙusa, in na yi magana ta ce to, ko da cewa na yi rana daga yamma take fitowa. Ɗansu na fari shi ne Shehu, mai sunan babanku, don haka ni Maigida nake ce masa. Yana da wata takwas, fuska kamar wainar da ta tashi, sai gudawa ta kama shi a tsakiyar damina. Ni na ce haƙori ne, don haka muka taso muna ji. Kwana biyu ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, Nasiru ya ce shi dai asibiti zai kai su. Na ce a tafi da ni, ba don komai ba sai don ina da turmin atamfa da zan kai wa wata a hanyar.

A asibitin akwai wata ma'aikaciya da ake ce wa Malama Rabi, doguwa, mai fara'a, amma ba ta ɗaukar wasa a kan yaro. Ta duba Maigida, ta ɗora shi a sikeli, ta ba Dije garin gishiri da sukari na leda wanda ake damawa a ruwa, da kati ɗaya na wasu ƙwayoyi farare guda goma. Ta ce sunansa zinki. Ta fara bayani ke nan, sai na hango wata mata a layi tana shafa bakin atamfar da ke ƙunshina. Ku da kuka san ni kun san sauran. Na fita da ita gindin dalbejiya, muka yi ciniki mai kyau, har na ɗora mata ɗankunne. Da na dawo an gama bayani, Dije ta goya yaro. Abin da na tsinta shi ne a jiƙa ƙwaya ɗaya a cokali da ruwan nono a ba shi kullum. Na ce wannan ai ba wuya.

A gidanmu duk wani magani a kwallata yake zama, ƙarƙashin gado, daga na ciwon kai har na sauro. Can na sa katin. Kullum da safe Dije ta zo ta durƙusa in ɓalle mata ɗaya. Ikon Allah, kwana uku gudawa ta tsaya cak. Yaro ya kama nono, ya dawo yana ja mini ɗankwali. Rana ta huɗu sai ga Dije a bakin ƙofa.

"Inna, ina kwana. Maganin."

"Wane magani kuma? Dubi mijina yadda yake dariya. Mai lafiya ne zai sha magani?"

"Malama ta ce..."

"Malama ta ce a ba marar lafiya, mun ba shi, ya warke. Tashi ki ɗora ruwan kunu."

Ta ce to. Ta ɗan jima a durƙushe, na ga leɓenta yana motsi, amma ta tashi ta tafi. Ni kuwa na dubi katin nan, ƙwaya bakwai lafiyayyu, maganin da na ga aikinsa da idona, a damina, lokacin da kowane gida akwai yaron da cikinsa ke tafiya. Wace gyara ce ta fi wannan? Na ɗauko almakashi na yanka katin gida uku. Biyu na bar wa wata a Gaya da ta sayi kwanuka, biyu na ba wata a Ajingi, ukun na kai wa wata a Balan da ta sayi kayan ɗakin 'yarta. Kowacce sai da na ce mata wannan na asibiti ne, ba na kan tebur ba. Suka yi ta sa mini albarka. Na dawo gida ina jin kaina kamar na gina masallaci.

Mako uku ba su cika ba gudawar ta dawo, ta fi ta farko. Ranar Talata ta fara, Laraba da hantsi sai ga Yaya Abu a bayan babur daga Balan. Ita ce yayar babanku, wadda kuke ce wa Goggo Abu, Allah Ya jiƙanta. A danginsu ba a yanke cibiya, ba a yaye yaro, ba a wanke amarya sai da saninta. Babanku da furfurarsa in ta yi tsawa sai ya nemi takalminsa. Ta ɗaga yaron, ta latsa cikinsa, ta dubi Dije sama da ƙasa.

"Yaro ya warke ya koma, ya warke ya koma, wannan ba haƙori ba ne. Nono ne. Yalwa, ba ni ludayi."

Ku na yanzu ba ku san gwajin nan ba. Ana tatsa nono a ludayi, a kamo tururuwa a jefa a ciki. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, an ce nonon ya ɓaci, shi ke cutar yaro. Dije ta juya baya ta tatsa, Yaya Abu ta kamo tururuwa a gindin randa ta saka. Muka zuba ido, har da matan maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi suka manta da turmin. Tururuwa ta yi 'yan zagaye, ta miƙe ƙafa.

"To kun gani. Jibi Juma'a da safe a cire shi. Yalwa, ɗakinki zai koma. Kunu da nonon akuya, zan sa a kawo daga gida. Ita kuma ta je wajen iyayenta ta sha magani, in ta wanke ta dawo."

Dije ta rungume ɗanta. Hawaye kawai na ga yana ɗiga a kan ƙafar yaron. Ni kuwa na san abin da ake nufi da cire ɗan wata tara daga nono a damina. Kuna da yaya da ba ku sani ba, Hauwa'u, wadda Nasiru yake bi mata. Haka aka cire ta, ba ta ga kaka ba. Ban taɓa ba ku labarinta ba, kuma ba zan tsawaita a nan ba. Amma duk da haka, wallahi har lokacin ban kawo ƙwayoyin nan a raina ba. Abin da na sani kawai, ni 'yar kasuwa ce, ba na karɓar kaya a bakin mutum ɗaya. Ranar Alhamis na ce wa Yaya Abu zan kai Dije ta zaɓi zanen da za ta tafi da shi gida. Nasiru ya ɗauke mu, muka zarce asibiti.

Malama Rabi ta gane mu. Ta ɗora yaron a sikeli, ta dubi katin awonsa, fara'arta ta ragu.

"Ya sauka. Maman Shehu, zinkin da na ba ki, ya shanye goman?"

"Uku ya sha."

"Uku? Ban ce miki ko ya warke, ko yana tsalle, sai ya cika kwana goma ba? Har sau biyu na sa kika maimaita. Ina sauran?"

Dije ta sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayanta, ƙunshina a hammata.

"Sun ɓace a hannuna, Malama."

Malama ta yi mata faɗa sosai, irin faɗan da ake yi wa wanda ake so. Ta ce kwanakin farko su ne ke taimaka wa gudawa ta tsaya, na bayan kuwa su ne ke mayar wa jiki abin da ya zubar, su gyara hanji, su dawo da cin abinci, su taimaka wa yaro ya yi wata biyu ko uku ciwon bai sake kayar da shi da sauƙi ba. Ta ce ba za ta rantse cewa rashin cikawar ne kaɗai ya dawo da ciwon ba, akwai ruwan sha, akwai ƙuda, akwai hannun da ba a wanke ba, amma an tura yaro fagen fama ba garkuwa. Sai ta juyo gare ni.

"Inna, ku ne manya, ku riƙa sa mata ido. Yaran nan sai da ku."

Na ce to. Ni, Yalwa, da ake jin muryata daga bakin kasuwa, to kawai na iya cewa. Da na ambaci maganar yaye kuwa, sai da ta ajiye biro. Ta ce duk abin da za a yi kada a cire shi daga nono, yanzu ne ma ya fi bukatarsa. Ta ba da sabon kati da garin ruwa, muka fito.

A cikin adaidaita Nasiru ya yi ta mita, yana cewa ya za a yi magani ya ɓace a ɗaki ɗaya. Dije tana kallon gonakin gyaɗa. Ni kuma ina auna abin kamar yadda nake auna kowane ciniki. Yarinya ta rufa mini asiri, kuma na san har ta mutu ba za ta buɗe ba. Zan iya zuwa in ce wa Yaya Abu asibiti sun hana yaye, amma na san amsarta: asibiti ne suka haifi Nasiru? Tururuwa ta riga ta yi magana a gaban shaidu. Yaya Abu ba za ta saki maganar nono ba sai an ba ta wani mai laifin ta riƙe. Mai laifin kuwa tana zaune a kujerar baya da ƙunshin atamfa a cinya.

Ranar Juma'a da safe aka kawo nonon akuya a kwalba daga Balan. Tsakar gida ta cika, don labari ya zaga: babanku a kan buzunsa, Nasiru a jikin bango, maƙwabta a bakin zaure. Na ɗauko ludayi biyu na wanke.

"Yaya, ni kin san ba na karɓar kaya ban gwada ba. Tunda wannan nonon zai sha, mu gwada shi shi ma."

"Ke Yalwa, akuya ce za a gwada?"

"Ai mijina ne zai sha, ina da iko."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce a gwada. Na tsiyaya, na kamo tururuwa na saka. Ta yi zagayenta, ta miƙe ƙafa. Na zuba kunun da babanku yake sha a ɗaya ludayin, na bari ya huce, na saka wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Babanku ya leƙa kofinsa.

"To ni shekara arba'in ke nan ina shan abin da ya ɓaci?"

Matan zaure suka tuntsire. Yaya Abu ba ta yi dariya ba. Na ga hancinta ya buɗe, na san in na tsaya a nan na kunyata ta ne kawai, kuma wanda aka kunyata ba ya janyewa. Sai na durƙusa a gabanta, abin da rabona da yi tun ina amarya.

"Yaya, ba nonon Dije ba ne. Ni ce. An ba yaron nan magani na kwana goma, ya sha uku na hana sauran. Ta zo ta roƙe ni na kore ta. Na yanka na yi gyara da shi a gidajen ciniki. Jiya a asibiti ta ce a hannunta ya ɓace, aka yi mata faɗa ina tsaye ban yi magana ba."

Nasiru ya dubi matarsa, ya dube ni, ya rasa wadda zai kalla. Yaya Abu ta tafa hannu.

"Gyara? Da maganin jikanki? Yalwa, ke wata rana har mu za ki ɗora wa mai sayen kwano."

"Ke ai ba gyara ba ce, Yaya, ke uwar kaya ce."

"Rufe mini baki, marar kunya." Ta juya wajen Dije. "Ke kuma da kika zauna kamar an dasa ki, ba kya jin yana kuka? Ba shi ya sha."

Dije ta juya baya ta sa shi a nono. Sai da na ji ƙarar haɗiyarsa sannan na iya tashi.

Ban tsira a banza ba. Yaya Abu ta hau babur a ranar, ko abincin rana ba ta tsaya ci ba, kuma ba ta sake taka gidana ba sai bayan an cire gyaɗa. Ta yafe mini maganin, tururuwar ce ba ta yafe ba. Sannan akwai gidaje uku da sai da na koma na warware abin da na ƙulla. Ta Gaya ta ce ai mijinta ta ba da cikinsa ya murɗa, kuma wai ya ji daɗinsa. Ta Balan ta ajiye nata a cikin kwalla, wai ta ji an ce yana sa ƙiba, za ta ba 'yarta kafin biki. Ta Ajingi ce kaɗai ta ba yaro, kwana biyu, ta zauna tana ganin ta gama. Ita na sa ta goya shi muka tafi asibitin garinsu tare. A kowane gida sai da na faɗi da bakina cewa na ba da abin da ban san kansa ba. Kun san mata. Kafin mako ya zagayo an sa mini suna Likita, in na yi sallama sai a ce ga Likita nan, a ɓoye yara. Wasu sun daina saye a wurina har wajen sallah, suna cewa wadda ta yanka maganin jikanta, turmin atamfarta ma a auna shi. Aka auna kuwa, ba a samu ko taƙi ya ragu ba.

Sabon katin a hannun Dije ya zauna, ni na ce kada ya kusanci kwallata. Kullum da safe sai in leƙa sashensu in ga ta jiƙa ƙwayar a cokali, Maigida yana yamutsa fuska yana haɗiyewa. Ya cika gomansa. Gudawa ta tafi, cin abinci ya dawo kamar an buɗe rumbu. Malama Rabi ta gargaɗe ni cewa zinki ba maganin ƙiba ba ne, kada in je in yi masa talla, yaro da abinci yake girma. Sai na koma abin da na iya: kunun gyaɗa, wake da aka dafa ya yi lugub, ƙwai, 'yar hanta ranar kasuwa. Duk wata muka je awo sikeli ya ɗan matsa gaba. Ya yi mura, ya yi zazzaɓi irin na yara, amma har damina ta fita cikinsa bai sake kayar da shi ba. A wajen awon nan ne wata rana Dije ta ɗago ta dube ni tana dariya, don yaron ya yi wa Malama fitsari a riga. Ashe idonta manya ne, farare tas.

Shehu ya sha nononsa har ya kusa shekara biyu. Da lokaci ya yi, ba wanda ya yanke rana sai uwarsa. Wata safiya ta shigo da shi a hannu, yana tafe yana jan zanenta, ga ƙullin kayansa a ɗaya hannun. Ta durƙusa.

"Inna, ga mijinki na kawo miki. Yanzu kam ya isa."

Ta fita da sauri don kada ya ga hawayenta. Na ɗauke shi, nauyi kamar buhun gero, na ba shi kunu ya ture, na ba shi ƙuli-ƙuli ya jefar. Ya hau cinyata, ya cusa hannu cikin rigata, ya lalube dama, ya lalube hagu. Sai ya ɗago ya yi mini wani kallo, ya sauka ya ɗauki kofin kunun da kansa. Shekara arba'in da wani abu ina dillanci, shi kaɗai ne ya taɓa zuwa wurina ya tarar ba ni da kayan da yake nema.